Tauraruwar cikin littafina ta zama 'yar aike, ina neman a sa mata doka

Marubuciyar Gwammaja ta rubuta:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa marubuta da makaranta, yau kwana uku ke nan ban rubuta ko layi ɗaya ba, kuma ba rashin caji ba ne, kaina ne ya ɗaure.

Wata bakwai ke nan ina sakin wani labari shafi-shafi a zaurenmu na WhatsApp. Ba irin na gidan miji da na saba ba ne. Na yaƙi da tsafi ne, a wata duniya da na ƙaga, ko da yake duk wanda ya tashi yana hango Dala daga tsakar gidansu zai gane inda na ɗebo ƙasar ginin. Birnin nawa yana da ganuwa mai ƙofa tara, da dutse a tsakiyarsa, a kan dutsen kuma akwai dogon soro inda masu duban sarki suke kwana. Na sa musu suna 'Yan Soro, babbansu Magajin Soro. Ba sa bugun ƙasa, ba sa watsa wuri, ba sa hawan bori. Tauraruwa ɗaya tak suke tsare, sunanta Mowa, don mutanen birnin sun ɗauka amaryar Wata ce. A bakin kakata na tsinci wannan. Muna yara, in ta hango tauraruwar nan mai tsananin haske a gefen jinjirin wata bayan magariba, sai ta nuna mana da muciya ta ce ga Zara matar wata ta fito rakiya.

To ga inda gizo ke saƙa. A shafi na 41 na rubuta cewa da tsakar dare Mowa ta tsaya cak a tsakiyar sama ta yi jawur, Magajin Soro ya ce wa sarki kada ya fita yaƙi. A shafi na 52 ta yi kore shar, aka ce sarauniya ta samu ciki. A na 60 ta ɓace dare ɗaya kacal, don ina so yarima ya tsere daga kurkuku cikin duhu. Sai wata makaranciya ta turo min cewa, Anti, tauraruwar nan taki ta zama 'yar aike, duk inda labari ya cije sai ki tashe ta. Na kwana ina tsaki. Da safe ina dama kunun yara na sake karanta shafukan uku a jere, na ga yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Wa zai ji tsoron abin da ya san ni ce ke juya shi yadda na ga dama?

Tambayata ta farko: mutanen da, waɗanda suka yi duba da taurari, me suke kallo takamaimai? Haske ne, ko launi, ko wurin tsayawa, ko ranar fitowa? So nake in kafa wa Mowa dokar da ni kaina ba zan iya karyawa ba.

Ta biyun ta fi damuna. Kawuna, wanda ke jan salla a masallacin layinsu, wata 'yarsa ta karanta masa shafi biyu, ya je ya ce wa Hajiyarmu wai ina koya wa 'ya'yan mutane duba. Hajiya ta kira ni ta ce ko in gyara ko in bari. Yaya zan yi 'Yan Soro su zauna a labarin ba tare da na ɗauki alhakin kowa ba?

Malamin Lissafi, Sharaɗa, ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Ta biyun na bar wa masu ita. Ta farkon kuwa ba sai kin ƙago komai ba, tauraruwar da kakarki ta nuna miki ta zo da dokarta, kuma ta fi duk wadda za ki zauna ki tsara daɗi.

Zara ita ce Zuhura. Ba ta da wutar kanta, duniya ce kamar tamu mai kewaya rana, hasken rana take maido mana. Abin da za ki riƙe shi ne hanyarta tana ciki da tamu, ta fi mu kusa da rana. Shi ya sa daga nan ba a taɓa ganinta nesa da rana. Iyakar tazarar da take bayarwa digiri 47 ne, wato in kika miƙe hannu sosai kika auna a sama, kamar ɗani biyu. Ko dai ta biyo bayan rana, a gan ta a yamma bayan magariba ta faɗi cikin awa uku da ɗan ɗori, ko ta riga rana fitowa, a gan ta a gabas da asuba, wadda Bahaushe ke kira Gamzaki. Tsakiyar sama da tsakar dare kuwa, ba hurumin Zara ba ne sam. Shafinki na 41 ya faɗi jarrabawa ke nan, amma ki dakata, ina da magani a ƙasa.

Ga yadda take tafiya. Kimanin kwana 263 tana yamma. Sai ta nutse cikin hasken rana kamar kwana 8, lokacin da take ratsawa tsakaninmu da rana, wani zagayen ya gaza haka, wani ya fi. Sai ta ɓullo a gabas ta yi wani kwana 263 ɗin. Sannan ta zaga ta bayan rana, a yi kamar kwana 50 ba a ganinta. Ki haɗa, 584.

Ba sai na kai ki nesa ba, ki tuna azumin 2025. A dararen farko na watan, farkon Maris, duk mai shan ruwa a waje ya gan ta a yamma tana ci kamar fitilar jirgi, jinjirin wata yana kusa da ita. Kullum tana ƙara yin ƙasa, wajen shiga goman ƙarshe ta ɓace. Ranar 23 ga Maris ta ratsa tsakaninmu da rana. Zuwa kwanakin salla masu fita asuba sun fara ganinta ta gabas. A wata guda ta bar yamma ta koma gabas a kan idon mutanen Kano, mafi yawanmu hankalinmu yana kan ƙosai.

Yanzu ga wurin da nake sa ɗalibaina su fito da biro. 584 sau 5, 2920. 365 sau 8, shi ma 2920. Ma'ana duk shekara takwas Zara tana maimaita sawunta kusan daidai, da ragin kamar kwana biyu. Ta ratsa ranar 27 ga Maris 2009, ta sake ranar 25 ga Maris 2017, sannan 23 ga Maris 2025. In birnin naki da wata yake ƙirga, wata 99 ke nan, da saɓanin 'yan kwanaki. To duk gidan da ya yi shekara takwas yana rubuta fitowarta da faɗuwarta, zai iya shiga fada ya ce wa sarki, ranka ya daɗe, nan da kwana arba'in Mowa za ta bar sama, kuma ta bari. Ki yi tunanin yadda talakan da bai san lissafin ba zai kalli mutumin da ya faɗi haka.

Haka aka yi a tarihi. A Babila an samu allon laka mai ɗauke da fitowarta da ɓacewarta na shekara 21 a zamanin wani sarki Ammisaduƙa, kowace fitowa da fassarar da suka jingina mata, ta amfanin gona ko ta yaƙi. Mutanen Maya na ƙasashen Meziko da Gwatamala sun yi mata jadawalin kwana 584 ɗin nan, littafin yana ajiye a birnin Dresden na Jamus, kuma ranar da suka fi tsoro ita ce ranar da ta fara ɓullowa da asuba bayan ɓatan kwana takwas. Ranar fita da ranar ɓata suke tsarewa, ba canjin launi ba.

Maganin shafi na 41: akwai wanda ke tsayawa a tsakiyar sama da tsakar dare yana ja, shi ne Mirrihu, kusan duk wata 26 yake yin haka, na baya-bayan nan da na nuna wa yara a Janairun 2025 ne. Sarkin naki ya san Mowa da Mirrihu? In bai sani ba, Magajin Soro ƙarya ya shirga masa, ya nuna masa wani ya ce ita ce. Sai ki nemo dalilin da ya sa ba ya son a fita yaƙin.

'Yar Fagge ta amsa:

Anti ni ce fa na ce 'yar aike, ki yafe min, wallahi son labarin ne ya sa. Har Mamanmu na ja ciki, yanzu ita ke tambayata ko an saki sabon shafi.

Amma Malam ya gama magana ban ma iya ƙarasa karantawa ba sai da na tashi tsaye. Anti, in akwai mowa ai dole akwai bora! Ta yamma mai fitowa da kwalliya kowa yana zaune a waje yana kallonta, ita ce Mowa. Ta asuba mai fitowa cikin sanyi ba mai ganinta sai masu shara da masu ɗiban ruwa, ita ce Bora. Mutanen gari su ɗauka kishiyoyi ne guda biyu masu rabon kwana, ba sa haɗuwa don ba sa ga maciji. Zamanin Mowa a yi aure a yi biki, zamanin Bora a ce na marayu ne da bayi. 'Yan Soro kaɗai suka san mace ɗaya ce. Duk wanda ya gano haka a jefo shi daga kan soron.

Kuma don Allah wadda za ta gano ta zama mace, ba yarima ba. Yariman nan naki kyau kawai gare shi.

Tsohon Almajiri, Ƙofar Wambai, ya amsa:

Salamu alaikum. Hajiya, ni ba marubuci ba ne, ɗinkin hula nake sayarwa, jikata ce ta nuna min maganar nan ta ce Baba ai kai ka zauna da masu hisabi. Na zauna kam, ina saurayi, kafin Allah ya sa na bar hanyar. Abin da Malamin Lissafi ya faɗa daidai ne, sai dai shi sama ya kalla. Masu hisabin da na sani ba su cika ɗaga kai ba, takarda suke kallo. In kina so 'Yan Soronki su yi kama da masu sana'a, sai kin sa musu yaren sana'ar a baki.

A wurinsu masu tafiya bakwai ne, kuma jerinsu ba ya canzawa: Zuhalu, Mushtari, Mirrihu, Rana, Zuhura, Uɗaridu, Wata. Biyu na sa'a, biyu na nahisa, wato rashin sa'a. Mushtari babban sa'a, Zuhura ƙaramar sa'a. Zuhalu babban nahisa, Mirrihu ƙarami. Zuhura suke jingina wa aure da soyayya da waƙa da ado da turare, ƙarfenta jan ƙarfe, ranarta Juma'a. A cikin buruji goma sha biyu gidajenta biyu ne, Sauru da Mizani. Suna cewa tana samun ɗaukaka a Hutu, tana ƙasƙanta a Sumbula. Kin ga ashe mowarki da borarki suna nan tun tuni, mace ɗaya, wani gidan a girmama ta, wani gidan a wulaƙanta ta.

Sannan sa'o'i. Suna raba yini goma sha biyu daga hudowar rana zuwa faɗuwarta, dare ma goma sha biyu, kowace sa'a da mai ita bisa jerin can. Sa'ar farko ta Juma'a ta Zuhura ce, sai ta takwas, sai ta sha biyar, sai ta ashirin da biyu. Ta ashirin da uku Uɗaridu, ta ashirin da huɗu Wata, gari ya waye a hannun Zuhalu, Asabar ke nan. In kika bi shi haka har ƙarshe za ki ga kwanakin mako sun fito a jere da kansu. Ina yaro wannan ya ruɗe ni na ɗauka asiri ne, daga baya na gane ƙirga ce kawai.

Kowane ɗaya kuma da hatiminsa. Na Zuhalu gida uku-uku, kowane layi 15. Na Zuhura bakwai-bakwai, gida 49, daga 1 zuwa 49 ba maimaici, 25 a tsakiya, ko ta ina kika haɗa layi 175 zai ba ki. Kada ki ɗauka abin na Larabawa ne kaɗai. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina, ya yi rubutu a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, irin uku-uku ko bakwai-bakwai, a 1732, yana da wani littafin a kan ɗalasimai da taurari mai suna Durrul Manzum, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin wani sanannen marubucin tarihin Masar. Turawa masu lissafi har yau suna ambatonsa saboda hatiman.

Shawarata, ki sa ƙofar soron ta zama da hatimi mai gida 49 a kan farantin jan ƙarfe, yaron da zai shiga sana'ar sai ya cike shi da ka. Ba sai kin zana shi a littafin ba, kuma kada ki rubuta abin da ake karantawa a kai, ko na ƙarya ne, yara za su gwada.

Abu ɗaya da na gani da idona, wanda babu shi a takarda: mai duba ya fi kallon fuskar wanda ya zo fiye da allon. Kafin mace ta gama gaisuwa an san kishiya ce ta kawo ta ko haihuwa. Akwai yaran da aikinsu zama a zaure su ji hirar masu jira. In Magajin Soronki ba shi da kunne a ɗakin girkin fada da wurin masu wankin sarauniya, bai cika ba. Cikin sarauniyar nan na shafi na 52, ai mai wanki ta riga tauraruwa sani.

Ɗalibin Ilimi, Gwale, ya amsa:

'Yar'uwa, Allah ya saka wa Kawu da alheri, tsoron da ya ji yana da asali, kada ki ɗauke shi a matsayin mai hana ruwa gudu. Hadisin Zaidu ɗan Khalid yana cikin Buhari da Muslim: an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da asuba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa ya yi imani da Allah, wanda ya ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa ya yi imani da tauraro. A Muslim kuma, wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne, ya tashi ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Amma malamai sun raba abin gida biyu. Akwai sanin tafiyar taurari, wanda da shi ake gane alƙibla da lokutan salla da shigowar damina. Wannan ba laifi, Alƙur'ani da kansa ya ce da taurari suke shiryuwa a hanya. Manomanmu har gobe suna ƙirga taurari 28, kowane kwana 13, ɗaya 14, su ce an shiga Haƙ'a ko Zira'a ko Ɗarfa, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Sai kuma da'awar cewa tauraro yana aikata wani abu a rayuwar mutum, ko ana karanta gaibu a jikinsa. Wannan shi aka hana. Duk abin da Malamin Lissafi ya kawo na gidan farko ne. Abin da Magajin Soro yake sayar wa sarki na gida na biyu ne.

Ba da labarin boka kuwa ba bokanci ba ne. Alƙur'ani ya ba mu labarin matsafan Fir'auna da igiyoyinsu. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya buɗe ne da Barbushe a kan Dala, yadda yake shiga wurin Tsumburbura ya fito ya gaya wa mutane abin da zai faru a shekara, har ya ce wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su. Musulmi ne suka rubuta, suka adana. Abin dubawa shi ne wa labarin ya gaskata. A yadda kika rubuta shafukan nan uku, gaskiya tauraruwar ce ke aiki: ta yi kore, ciki ya samu. Nan ne Kawu yake da hujja a kanki. In ya zama tana bin hanyarta ne ba ruwanta da kowa, mutane ne ke ɗora mata magana don abin duniya, to kin fita, har ma kin yi wa'azin da ya fi na wasunmu shiga kunne.

Ba fatawa nake ba ki ba. Ki ɗauki shafukan da kika gyara ki kai wa Kawu da kanki, ki durƙusa ki karanta masa, kada ki bar shi da abin da aka tsinto masa.

Malamin Lissafi, Sharaɗa, ya ƙara da cewa:

Na manta wani abu da zai yi miki amfani a kwana takwas ɗin nan. A Assuriya, zamanin sarki Asarhaddon da ya yi mulki daga 681 zuwa 669 kafin haihuwar Annabi Isa, in masu duba suka ce husufi ya nuna mutuwar sarki, sai a ɗauko wani mutum a naɗa shi, a sa masa kayan sarauta, a ba shi mata, ya zauna a karaga har zuwa kwana ɗari. Sarkin gaske ya koma gefe, a wasiƙu ma manomi ake kiransa. In wa'adin ya cika a kashe na aron, a ce abin da aka gani ya tabbata, sarki ya koma kujerarsa. Wasiƙun suna nan a allunan laka da aka tono a Ninawa. Ki lura, duban bai taɓa kuskure ba, tunda su ke cika shi da hannunsu.

Baba na Ƙofar Wambai, a gaishe ka. Hatimin bakwai-bakwai ɗin nan shi zan ba 'yan ajina ranar Litinin, in ga mai fitar da 175.

Marubuciyar Gwammaja ta dawo:

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Baba, Allah ya ƙara girma, maganar mai wanki ta sa na yi dariya har maigidan ya leƙo. Malam na Gwale, na ji, kuma na karɓa, ranar Juma'a in an sauko zan je gidan Kawu da ƙunshin goro.

Jiya da aka ɗauke wuta na hau saman bene da littafin aikin gida na babbar 'yata, na ja layi biyar, na raba kwana 584 a kowane layi, na zauna ina ɗora labarin a kai. Abin da ya ba ni mamaki, dokar da na ɗauka za ta ɗaure ni ita ta yi ta miƙo min abin rubutawa. Ga inda na tsaya.

Mowa da Bora sun zauna, 'Yar Fagge ta ci gari. Kwana hamsin ɗin da ba a ganin kowa, mutanen birni suna cewa Wata ya yi tafiya da iyalinsa, ba a ɗaura aure, ba a kafa tubalin gini. Kwana takwas ɗin kuwa su ake kira Kwanakin Yaji, wai Mowa ta yi yaji Bora ba ta karɓi girki ba tukuna, sama ba mace. A cikinsu ne ake naɗa Sarkin Aro. Saboda haka yarima ba tserewa zai yi ba, shafi na 60 zan janye shi in ba makaranta haƙuri. Shi za a fito da shi daga kurkuku a naɗa, yana murna ya ɗauka an yafe masa.

Wadda za ta gano asirin baiwa ce mai ɗiban ruwan fada, tana fita tun kafin assalatu, ta dawo ta sake fita da magariba, ita kaɗai ce a birnin take ganin sama a lokutan biyu kullum. Ba ta iya rubutu ba. Ƙwallayen dabino take jefawa a tsohon tulu, ɗaya kowace rana, uwarta ta fara, ita ta gāda. Ranar da tulu biyar suka cika ta ga an koma inda uwarta ta faro, ranar ce za ta san kwanan da Bora za ta fito, wato kwanan da za a yanka Sarkin Aro. Shafi na 41 yana nan yadda yake, jan tauraron can ba Mowa ba ne, kuma ita ta san haka tun daren, tsoro ya hana ta magana. Dalilin Magajin Soro na hana yaƙin ma na samo shi, amma wannan sai kun karanta.

Shafi na 52 ne har yanzu ya tsaya min a wuya. Maganar cikin ta warware, mai wanki ce ta kai labari soro. Koren ne matsalar, don na riga na rubuta cewa duk garin sun gani, har makafi aka ba labari. Malamin Lissafi, in tana dab da faɗuwa cikin hazo ko hayaƙi, akwai yadda za a yi ido ya ga kamar ta canza launi? In akwai, zan sa 'Yan Soro su ƙona wani abu a kan dutsen a daren. In babu, sai dai in ce garin gaba ɗaya sun bi bakin Magajin Soro ne kowa yana jin kunyar ya ce shi bai ga kore ba.

'Yar Fagge ta amsa:

Anti ki bar shi a na biyun, wallahi haka mutane suke, ranar ganin wata ma akwai masu rantsuwa sun gani alhali gabas suke kallo. Kuma Mamanmu ta ce in gaya miki kada ki kuskura ki aurar wa yariman nan baiwar. Yaushe za a saki na 61?